Talata, ranar gyara

Yau ba a shiga teku. Masuntan ƙabilar Ga a nan Accra na hutun Talata, mu ma 'yan ƙungiyar tuƙin kwalekwale ba ma karya musu al'ada. Koko da ƙosai a Nima, motar haya ta trotro, cunkoso a Circle, sai bakin ruwan Jamestown.

Babban kwalekwalen ya tsage a ciki, kusan kamu biyu. An bar shi ne kan yashi cikin rana, ba gungume a ƙasa, ba ganyen kwakwa a sama. Icen bishiyar da ake kira wawa, wanda da shi aka sassaƙa jirgin, ba nauyi, shi ya sa masassaƙa ke son sa, amma yana shan ruwa, in kuma ya bushe da gaggawa sai ya dare. Gyaransa ba ya son garaje. A kankare tsagar, a huda ɗan rami a kowane ƙarshenta don kada ta ci gaba, a cusa zaren igiya sosai, a zuba kwalta da zafinta, a rufe da fallen kwano. Ƙusa kuwa sai wadda ba ta tsatsa. Irin ta kafintan gida ruwan gishiri cinye ta yake yi, ta bar kafar da ruwa zai bi.

Muna cikin dafa kwalta Kyaftin ya ce, "Kawu, yara sun yi yawa, har daga Sabon Zango suke zuwa. Mu yi karo-karo mu ƙara jirgi."

Kawu bai ɗago ba. Ya ce, "Ɗana, wanda ke hannunku, wa ya rufe shi ran Asabar?"

Tsit.

Daga nan ya koma baya. Kafin a buɗe tashar jiragen ruwa ta Tema a 1962, manyan jirage can nesa suke tsayawa, sai matuƙa goma ko fiye su keta igiyar ruwa da buhunan koko, kowa da filafilinsa mai yatsa uku, suna waƙa don hannu ya zo ɗaya. Mahaifin Kawu dako yake yi a bakin ruwan. Da Tema ta ɗauke aikin, injin kuma ya shigo wa masunta, tsofaffin matuƙan ne suka riƙa tara yara don kada tuƙin ya mutu. Tushen ƙungiyarmu ke nan. A wurinsu yaro ba ya taɓa filafili sai ya iya kwarfe ruwa da jan jirgi kan gungume.

Ina bayan Kawu, amma maganar Kyaftin ta tsaya min a rai har Magariba. Yaron da ya biya kuɗin mota daga Mamobi ya wuni a tsaye bai hau jirgi ba, mako mai zuwa ba zai dawo ba. Haka muka rasa da yawa bara, kuma masu ƙwazo ne.

Kwaltar ba ta isa ba, gefe ɗaya kawai muka rufe. Asabar ba fita. Har yanzu ban san yadda zan faɗa wa ƙananan ba.