Mariƙin yatsa da filash: mako na shida da Canonet

'Yan'uwa masu koyo, an wanko mini fim na uku, kuma hoto tara cikin talatin da shida sun yi rawa. Ba laifin kyamara ba ne, hannuna ne. Canonet QL17 GIII, wadda Canon ta fitar a 1972, ƙarama ce kuma gabanta a shafe yake, babu tudun da yatsu za su kama. Da zafin rana idan tafin hannu ya jiƙe, sai ka ji tana neman suɓucewa kamar sabulu.

Shi ya sa na yi odar mariƙin babban yatsa, wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa da ake zura shi cikin gurbin filash na saman kyamara. Riƙo ya yi daɗi, ba ƙarya. Amma kwana biyu kawai na cire shi. Na farko, yana tare hannun da ake ja a juya fim. Ashe irin wannan mariƙin ya samu kasuwa ne bayan Leica ta fitar da M8 a 2006, kyamarar dijital da ba ta da wannan hannun, masu ita suka rasa inda za su jingina yatsa. Mu masu fim muna da majinginar tun asali: ka ɗan jawo hannun waje, ka saƙale yatsanka a bayansa. Na sayi abin da nake da shi a gida. Na biyu, ya zaune a kujerar filash, kuma a nan ne maganar take.

Da na yi ƙorafi, wani da ya riga mu a harkar ya ce mini ai mai renjifainda, wato kyamara irin Canonet da Leica M da ake saita nisanta ta 'yar tagar leƙe, ba ya kunna filash, don haka babu asara. Na san tushen wannan ra'ayi. Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen da ya sa duniya ta san Leica a hoton titi, ya ƙi filash, yana ganinsa rashin ladabi ne ga wanda ake ɗauka. Har baƙin fenti ko tef yake sa wa ƙarfen kyamararsa don kada ta ja ido. Na yarda da shi a wurare da yawa. Ka je teburin mai shayi bayan isha'i, mutane na hira, ka watsa musu walƙiya a fuska, ka kashe hirar, wataƙila ma ka sha zagi.

Sai dai akwai wani dalilin da ba a cika faɗa ba, na inji ne. Leica M na fim tana da labulen ƙyalle a ciki da ke buɗewa haske ya shiga, kuma filash ba ya cika hoton sai a gudun 1/50 na daƙiƙa ko wanda bai kai shi sauri ba. Da fim mai lambar karɓar haske 100 a tsakar rana, wannan gudun yana neman a tsuke buɗin gilashi har f/22, alhali gilasai da yawa a f/16 suka tsaya. M3 ta 1954 ma gurbinta ba shi da wuta, sai da waya. To wanda kyamararsa ke wahalar da shi haka, ba abin mamaki ba ne ya ce filash ba nasa ba ne. Canonet kuwa ƙofar haskenta cikin gilashi take, tana tafiya da filash har 1/500.

Na gwada a kan Kawu ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Rana a tsakiyar ka, ga farar babbar riga tana ɗaukar ido, idanunsa kuwa sun faɗa rami, inuwa ta cinye rabin fuska. Lissafin ba wuya: ƙaramin filash ɗina lambar ƙarfinsa 20, sai ka raba da nisa a mita ka samu buɗin gilashi. A mita biyu da rabi ya ba ka f/8. Na sa 1/500 da f/8 don rana, sannan na ja baya zuwa mita uku da rabi don hasken filash ya rage da rabi, ya cike inuwa kawai. Hoton ya fito da kyau, har aikin rigar ana gani, kuma wanda bai sani ba ba zai ce an kunna komai ba. Kawu dai cewa ya yi, "Ɗana, da rana tsaka ake kunna fitila?"

Don riƙo, na kai ta wurin baduku ya ɗinka mata rabin riga ta fata mai ɗan tudu a dama, da igiyar wuyan hannu. Ɗinkin farko ya rufe murfin baya, sai da aka sake.

Mako mai zuwa zan gwada salon Bruce Gilden, mai ɗaukar hoto a titunan New York: filash a hannun hagu da waya, kyamara a dama. Canonet tana da ramin waya a gefe. Matsalar ita ce hagun ne ke saita nisa, don haka sai na tsayar da shi a mita biyu tun kafin in ɗaga. Kuma a kan ƙannena zan fara, ba baƙi a kasuwa ba.