Majaujawar da ke rusa ganuwa

Asabar. Karatun sira na bayan Asuba yau ya kawo mu yaƙin Ɗa'ifa, shekara ta 8 bayan Hijira. Da aka zo kan manjaniƙi, Malam ya ce majaujawa, kamar dai yadda ake faɗa a tafsiri wajen jefa Annabi Ibrahim (AS) cikin wuta. Wani yaro daga baya ya ce, "Allah gafarta Malam, majaujawar korar tsuntsu a gona ce za ta fasa katanga?" Malam ya ce ita ce, sai dai wannan itatuwa ake kafa mata, dutsen da take jefawa kuwa mutum ɗaya ba ya ɗaga shi.

Daga nan ya yi bayanin dabbaba. Rumfa ce ta katako da aka lulluɓe da fatar shanu, mayaƙa su shige ƙarƙashinta su tura ta har gindin katanga su fara tono. Mutanen Saƙif, ƙabilar da ke Ɗa'ifa, sun zubo mata ƙarafan da aka gasa suka yi jawur, fatar ta kama, sahabban da ke ciki suka fito, kibau suka same su. Zauren ya yi tsit. Larabawa har yau da sunan nan na dabbaba suke kiran tankar yaƙi. Gungumen da ake dukan ƙofar gari da shi kuma kabshu suke ce masa, wato rago, saboda tunkuyi.

Ni kafinta ne, don haka abin bai bar kaina ba. Da rana aiki ya yi sauƙi a shago, na tattara guntayen katako na haɗa 'yar ƙaramar manjaniƙi. Sanda ce doguwa a kan ƙafafu biyu, gefe ɗaya gajere, ɗayan dogo, majaujawar na ɗaure a bakin dogon. A tsohon salo, wanda ya samo asali daga ƙasar Sin, jama'a ne ke fizgar igiyoyi a gajeren gefen lokaci guda. Wajen ƙarni na 12 aka koma rataya ƙaton akwati cike da duwatsu, a ɗaga shi sama sannan a sake shi. Na gwada da gwangwani cike da ƙusoshi. Nauyi ba ya gajiya, ba ya kuma sauya ƙarfi, shi ya sa jifa ke sauka wuri ɗaya. Haka ake cin katanga, a yi ta dukan gurbi guda har ya tsage.

Da dare na karanta labarin Akka, birni a gaɓar tekun Sham, 1291, lokacin da Sarki Ashraf Khalil na daular Mamluk ta Masar ya kewaye ta. Akwai wata manjaniƙi mai suna Mansuri. Masanin tarihi Abul Fida, wanda yana saurayi a cikin rundunar, ya rubuta cewa a kan amalanke ɗari aka ɗauko sassanta daga Hisnul Akrad, wata ganuwa a ƙasar Sham, cikin ruwa da ƙanƙara. Tafiyar da mahayi ke yi a kwana takwas ta cinye musu wata guda, shanun ja suna ta mutuwa saboda sanyi. Nan ne raina ya sosu. An raɗa wa na'urar suna, tarihi ya riƙe shi shekara sama da 700, waɗanda suka sare itacen suka feƙe shi suka huda shi kuwa an haɗa su a jimla ɗaya an wuce. Haka ma Warwolf, manjaniƙi ta Sarki Edward na ɗaya na Ingila, lokacin da ya kewaye gidan sarautar Stirling a Scotland, 1304. Mutanen gidan sun nemi miƙa wuya ya ƙi karɓa sai ya gwada ta a kansu, abin da ni a ganina zalunci ne tsantsa.

Sinawa dai sun kyauta. Da Mongol suka shekara biyar a bakin birnin Xiangyang na ƙasar Sin ba su shiga ba, sai aka kawo musu gwanaye biyu Musulmi daga yankin Farisa, kuma an rubuta sunayensu: Isma'il da Ala'uddin. Su suka haɗa mai akwatin nauyi, garin ya sallama a 1273.