Gwiwar hannu ake fara aunawa kafin a sayi teburin kwamfuta

Galibin teburan ofis da ke kasuwa tsayinsu daga ƙasa yana tsakanin santimita 73 zuwa 76, wato inci 29 zuwa 30. Wannan awo gado ne daga zamanin takarda da alƙalami, lokacin da ake jingina hannu a kan tebur ana rubutu. Aikin kwamfuta daban ne, domin kibod yana ƙara tsayi kamar santimita biyu ko uku, kuma hannu yana shafe sa'o'i a wuri ɗaya. Tebur mai santimita 75 yana dacewa ne da dogon mutum, wanda tsayinsa ya kai santimita 183 ko fiye. Sauran jama'a, musamman mata, suna zama ne da kafaɗu a ɗage ba tare da sun lura ba, zuwa la'asar kuma wuya da bayan kafaɗa su riƙe. Babban darasin da na koya a wannan fanni shi ne cewa ba a zaɓen tebur da ido. Jikin mai zama ake fara aunawa, sannan a nemi teburin da ya zo daidai da awon.

Da kujera ake farawa. Mutum ya zauna ya tura ƙugunsa har ƙarshen kujera, ya daidaita ta yadda tafin ƙafarsa zai kwanta a ƙasa gaba ɗaya, cinyoyinsa su miƙe daidai ko su ɗan gangara gaba. Sai ya saki kafaɗu, ya bar dantse ya rataya a gefen jiki, ya lanƙwasa gwiwar hannu ta zama kamar kusurwar bango. Wani ya ɗauki tef ya auna daga ƙasa zuwa ƙasan gwiwar hannun. A cire santimita biyu ko uku na kaurin kibod, abin da ya rage shi ne tsayin teburin. A yi awon da takalmin da aka saba aiki da shi, don tsinin takalmi yana canja lissafi. Mai tsayin santimita 160 yakan samu wajen 62 zuwa 65, mai 175 kuma wajen 68 zuwa 71, amma mutum biyu masu tsayi ɗaya kan bambanta, tunda wani ƙafafunsa ne dogaye, wani kuma gangar jikinsa.

Idan tebur ya yi tsayi, abu biyu ke faruwa: kafaɗu su ɗaga, ko gwiwar hannu ta buɗe gefe kamar kaza ta ji zafi, wuyan hannu kuma ya danne a bakin tebur. Idan ya yi gajarta, mutum yakan duƙa, baya ya ranƙwafa gaba, wuyan hannu ya lanƙwashe sama. Wannan lanƙwasa tana ƙara matsi a cikin ƙaramar hanyar da jijiyar tsakiya ke bi a wuyan hannu, jijiyar da ke kai ji ga babban yatsa da manuniya da na tsakiya. Duk wanda ya fara jin waɗannan yatsu suna sagewa ko suna tsikari, musamman da dare, ya je asibiti, kada ya ce sabon tebur zai warkar da shi.

Teburin da ya yi tsayi yana da sauƙin magani idan ba a son yanke ƙafafunsa: a ɗaga kujera har gwiwar hannu ta kai daidai, sannan a sa matakin ƙafa. Ƙafa ba ta son lilo, domin bakin kujera yana danne bayan cinya ya rage gudun jini. Akwatin katako mai faɗin santimita 45 ya wadatar, tsayinsa kuma ya zama daidai da abin da aka ƙara wa kujerar. Gajeren tebur kuwa, a sa masa gutsuren katako mai ƙwari a ƙarƙashin kowace ƙafa.

Abin da masu saye suka fi mantawa da shi shi ne ƙarƙashin tebur. Kafintoci suna son sa doguwar durowa a tsakiya, ko faffaɗan katako mai riƙe ƙafafu, kuma waɗannan suna cinye santimita 10 zuwa 15 na wurin cinya. Tazarar da ke tsakanin saman cinya da gwiwar hannu ba ta da yawa, ga mutane da dama ba ta wuce santimita takwas zuwa goma ba. A cikin wannan ɗan tsakani ne saman tebur da kibod za su shiga. Saboda haka durowar tsakiya tana tilasta wa mutum ɗaya daga cikin biyu, ko dai ya sauke kujera kafaɗu su ɗaga, ko ya zauna nesa yana miƙa hannu. Kaurin saman tebur daga santimita biyu zuwa uku ya isa, durowa kuma ta koma gefe. Wurin ƙafa ya kai faɗin santimita 60 aƙalla, zurfin 45 a daidai gwiwa da 60 a daidai yatsun ƙafa, kada kuma a mai da shi ma'ajiyar kwalaye da batir.

Zurfin tebur, wato daga bakinsa zuwa bango, ya fi faɗinsa muhimmanci, amma faɗin ne ke ɗaukar ido a shago. Allon kwamfuta yana buƙatar nisan santimita 50 zuwa 100 daga ido, a sauƙaƙe kamar tsayin hannu idan an miƙe shi. Tebur mai zurfin santimita 50 ba zai ba da wannan ba, sai allo ya zo kan fuska, kibod kuma ya rataya a baki. Santimita 60 shi ne mafi ƙaranci ga allo mai inci 24, amma ga mai inci 27 ko allo biyu a nemi 75 zuwa 80. A bar santimita 10 zuwa 15 tsakanin kibod da bakin tebur inda hannu zai huta idan an dakata da bugawa. Faɗi kuwa, 120 ya ishi allo ɗaya, 140 zuwa 160 allo biyu. Saman allo ya tsaya daidai da ido ko ƙasa kaɗan. Mai sa gilashin ido irin wanda ake karatu ta ƙasansa ya ƙara saukar da shi, in ba haka ba zai wuni yana ɗaga haɓa.

Laftof ba ta daidaituwa a kan kowane tebur, komai tsadarsa, domin allonta da kibod ɗinta a haɗe suke. In hannu ya samu daidai wuya zai sha wahala, in wuya ya samu daidai kafaɗa ce za ta biya. A ɗora ta a kan wani abu, ko da tarin littattafai ne, a sa mata kibod da linzami (wato maus) na daban, linzamin kuma ya zauna dab da kibod.

Sai tebur mai hawa da sauka, wanda ake aiki a kansa a zaune ko a tsaye. Amfaninsa na gaske shi ne yana zuwa daidai awon kowa, kuma yana sa a riƙa canja yanayi. Tsayuwa wuni guda ba lafiya ba ce, tana kawo kumburin ƙafa da ciwon ƙugu, kowane mai aikin kanti ya san haka. Farfesa Alan Hedge na Jami'ar Cornell a Amurka ya ba da shawarar a kowane rabin sa'a a zauna minti 20, a tsaya minti 8, a yi motsi minti 2. Wajen saye, iyakar saukarsa ƙasa ake fara dubawa. Ma'aunin Turai na teburin ofis, EN 527, ya sa irin wannan tebur ya tashi daga santimita 65 zuwa 125. Masu araha da ƙafarsu ke da gaɓa biyu sukan fara ne daga wajen 70, ke nan gajeren mutum ya kashe kuɗi bai fita daga matsalarsa ba. Masu gaɓa uku sukan sauka zuwa wajen 60 ko 62. Mai mota biyu, wato injin lantarkin da ke ɗaga teburin, ya fi mai mota ɗaya ɗaukar nauyi, kuma nauyin saman teburin kansa yana cikin lissafin. A ɗaga shi har ƙarshe a shago a girgiza shi, don a can sama ne rawa ke bayyana. Motocin ba a yi su don aiki ba tsayawa ba, yawancinsu minti biyu suke yi su huta sha takwas, shi ya sa yara masu wasa da maɓalli ke kashe su. Wayoyi kuma a ba su tsayin da zai kai sama, don gajeriyar waya tana fizgo allo ƙasa. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, a ganina mai hannun juyawa ya fi kwanciyar hankali, tunda ɗauke wuta ba zai bar mutum a tsaye ba, kuma ba shi da akwatin sarrafawa da ƙarfin wuta zai ƙona.

Wanda zai ba kafinta aiki ya fi kowa sa'a, muddin ya rubuta masa awo a takarda, ya kuma jaddada cewa tsayin har da saman tebur ne. Bakin gaba a goge shi ya yi kwana, domin kaifin baki yana cin hannu. Saman ya zama marar ƙyalli, saboda fenti mai sheƙi yana mayar da hasken taga cikin ido. Gilashi bai dace ba, linzami da yawa ba sa karanta shi. Katakon da aka matse daga dusar itace yana kumbura in ya sha ruwa, yana lotsawa a tsakiya idan faɗinsa ya wuce santimita 120 ba ƙarfe a ƙarƙashi, kuma noti ba ya sake kamawa in an kwance shi sau biyu. Katako na gaske irin maɗaci yana da ƙarko, amma sai busasshe, don ɗanye yana tsagewa da hunturu. Mai niyyar ɗaura hannun ƙarfe mai riƙe allo ya tabbatar bayan tebur cikakken katako ne, domin akwai teburan da cikinsu kwali ne kamar saƙar zuma, kuma maƙalin yana murƙushe su. Idan an kawo shi gida, a ajiye shi taga tana gefe, domin in tana gaba haske zai kashe ido, in tana baya kuma zai faɗo a kan allo.