Hannun Tsohon Shugaba Ba Ya Sauke Dala

Ƙannena na Agege da Idi-Araba, duk kakar zaɓe za ku ga 'yan takara suna tururuwa Abeokuta don a ɗauke su hoto da Obasanjo. Sunan da ya yi a tattalin arziki suke son ara. A mulkinsa, 1999 zuwa 2007, wayar GSM ta shigo a 2001, ƙungiyar ƙasashe masu ba da bashi ta Paris Club ta yafe wa Najeriya bashin dala biliyan 18 a 2005, bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25. Mu da muka fara neman kuɗi a lokacin mun ga ciniki.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne ɗanyen mai. Ganga ba ta kai dala 20 ba da Obasanjo ya hau mulki, ta haura 60 kafin ya sauka. Wani ɓangare na yabon nasa ne da mutanensa irin su ministar kuɗinsa Okonjo-Iweala da gwamnan Babban Banki na lokacin Soludo, wani kuwa na kasuwar duniya ne.

A 2015, da aka yayyaga katinsa na PDP ya karkata ga Buhari, sai na ce shi ke nan, zamanin can zai dawo. Kayan waya nake sarowa a Ikeja, farashinsu kuma dala yake bi. Na riƙe jarina a naira, na ƙi cika shago, wai ina jiran dala ta faɗo. Alhali mai ya fara karyewa tun 2014, ya yi ƙasa da dala 30 a farkon 2016. Dalar gwamnati ta tashi daga naira 197 ta wuce 300, ta 'yan canji ta doshi 500. Jarin ya zaizaye ina kallo, kuma ba wanda ya aike ni.

Don haka in dattijo ya ɗaga hannun wani, ku saurare shi da ladabi, sannan ku binciki ɗan takarar da kansa: da ya riƙe jiha ko ma'aikata me ya yi, su wa za su riƙe masa baitulmali, nawa ake sayar da ganga yau? Kada ku ɗaure jarinku da sakamakon zaɓe.

Ku tuna kuma dattawan nan na sauya ra'ayi. A 2018 Obasanjo ya rubuta wa Buhari wasiƙa kada ya sake tsayawa, ya bi Atiku a 2019, ya bi Peter Obi a 2023. Obi ya ci Legas da ƙaramar rata, amma dukansu biyu ba su kai Aso Rock ba.