Sana'ar kiwon zanzaron gero da matsalar feshin wake

Ƙaramar masana'antata a yankin Maraɗi tana kiwon wani ɗan mitsitsin zanzaro da masana ke kira Habrobracon hebetor, wanda muke sayar wa ƙungiyoyin manoma domin yaƙi da murzuna, tsutsar da ke sassaƙe zangarniyar gero. Masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasar Nijar, da ICRISAT, cibiyar ƙasa da ƙasa mai binciken amfanin gona na yankuna masu ƙarancin ruwa, ne suka yaɗa wannan dabara a Nijar. A cikin 'yar jakar algarara muke zuba gero da gari, da tsutsar hatsi 25 ta nau'in Corcyra, da matan zanzaro 2 da suka riga suka yi barbara. Macen takan harbi tsutsa ta sandare, ta saka ƙwai a jikinta, bayan kwana 8 zuwa sama sababbin zanzaro su fara sulalowa ta ramukan jakar da aka rataye a bishiya, su bazu cikin gonaki suna yi wa murzuna irin wannan harbin.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne feshi. Galibin manomanmu suna haɗa gero da wake a gona guda, kuma wake yakan fara fure dab da lokacin da muke rataye jakunkuna, sai a ɗauko maganin ƙwari irin su lambda-cyhalothrin ko cypermethrin a yi masa ruwan magani. Murzuna tana ɓoye a tsakanin ƙwayoyin zangarniya, da wuya maganin ya same ta, amma zanzaro da ke yawo a fili yana taka ganyen da aka fesa ya mutu. Wanda ya tsira ma ba lafiya gare shi ba: kwanansa yana raguwa, ƙwansa yana ƙaranci, kuma yakan kasa bin ƙamshin da ke kai shi ga tsutsa. Manomi ba ya ganin gawar ƙwaron da bai wuce ƙwayar shinkafa ba, saboda haka idan gero ya lalace, jakarmu yake zargi.

Shi ya sa ba na sakin kaya sai mun zauna da mai gari da shugabannin ƙungiya, an amince a dakatar da feshin na wasu makonni, ko a koma ga ruwan 'ya'yan dogon yaro, wanda ya fi sauƙi a kan zanzaro idan an fesa da yamma. A ɗakin kiwo kuwa na haramta piya-piya da maganin sauro na kunnawa, kuma ba na karɓar geron da aka adana da ƙwayar rumbu komai araharsa.