Abin da iskar teku ta koya wa maɗinkin tanti

Na shekara 12 ina ɗinkin tanti a garin Tawa na Nijar kafin wani mai masaukin baƙi a Grand-Popo, a gaɓar tekun Benin kusa da iyakar Togo, ya ba ni aiki. Baƙinsa suna so su kwana a tanti suna jin rugugin teku, amma a kan gado mai katifa, da fitila da makewayi a kusa.

Na ɗinka masa irin wanda na fi alfahari da shi, wato tantin fatun awaki na Abzinawan Azawak, wanda ake shafe shi da jar ƙasa da man shanu. Damina ɗaya ta gama da shi. Da na je dubawa na ɗaga gefen fatar, sai na tarar funfuna ta rufe cikinta fari fat, turakun ƙarfen kuwa tsatsa ta ci su har suna marmashewa a hannu. Ruwan da muke samu a Tawa bai cika kai milimita 400 a shekara ba, alhali kudancin Benin damina biyu gare shi, kuma iskarsa ɗauke take da laima da gishiri dare da rana.

A wannan zaman ne na koyi auna kowane irin masauki da yanayin wurin. Tanti mai ginshiƙi ɗaya a tsakiya yana da sauƙin kafawa, kuma tsininsa yana kauce wa iska, sai dai rairayi ba ya riƙe gajeren turke, dole a binne katako a ɗaure igiya a jikinsa. Zagayayyen tantin Mongoliya, mai rufin gashin tumaki, don sanyi aka yi shi. Wanda ake haɗawa da sanduna kamar kifaffiyar ƙwarya yana jure guguwa, amma idan tagoginsa ba su da faɗi, da azahar ya zama tanderu.

A ganina babu kamar babban tantin tamfol da ake ɗorawa a kan dandamalin katako, domin iska tana ratsawa ta ƙarƙashi, ruwa ba ya kwanta masa, ga raga a tagogi saboda sauro. Wani dattijo masunci ne ya ƙarasa mini karatun, ya ce, “Ɗana, yi masa rumfar ganyen kwakwa a sama, rana da ruwa su ƙare a kanta.” Haka muka yi wa tantuna 4 da na sake ɗinkawa, da sandunan alminiyam da igiyar roba. Tantin fatar kuma na naɗe shi na dawo da shi Tawa.