Mudu da mulki a tsohuwar kasuwar Atina

Daga tashar jirgin ƙasa ta Monastiraki na taka da ƙafa, na ratsa layin 'yan gwanjo da masu takalman fata, har na isa ƙofar Agora, tsohuwar kasuwar birnin Atina na ƙasar Girka. Tana gindin tudun Akrofolis ta arewa maso yamma. Yau kufai ne da itatuwan zaitun, layin dogo ma ya yanki gefenta. Tun 1931 masana daga Amurka ke tonon wurin.

Da rana ta take, na fake a doguwar rumfar da Sarki Attalos na biyu na daular Pergamon ya gina wa birnin a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An sake gina ta tsakanin 1953 da 1956, kuma a cikinta aka ajiye kayan tarihin da aka tono.

A nan na daɗe. Ga kwanonin awo na yumɓu masu hatimin hukuma, ga duwatsun sikeli na dalma da tagulla. A zamanin da, birnin kan zaɓi mutum goma ta ƙuri'ar sa'a don duba awo kawai, biyar a Atina, biyar a tashar jiragen ruwa ta Firiyas. Duk wanda aka taɓa auna wa hatsi da mudun da aka buge gindinsa zai san darajar wannan tsari. Asalin ma'aunan kuwa ana ajiye su ne a wani zagayayyen gini, inda 'yan majalisa hamsin da ke riƙe da ragamar birnin ke cin abinci, wasunsu ma a can suke kwana saboda ko-ta-kwana.

Gaba kaɗan na tarar da tarin tsingaro, kowanne an ƙarce suna a jikinsa. A da, da su ake kaɗa ƙuri'ar korar babban mutum daga gari har shekara goma idan ana tsoron ƙarfinsa. Sunan Temistokles, wanda ya jagoranci nasarar yaƙin ruwa na Salamis a kan Farisa, yana kan da yawa daga ciki, kuma an kore shi ɗin.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne masu tallan. Mata da bayi da baƙi sun cika kasuwar nan da gumi, suna sayar da burodi da kifi da kayan lambu, amma ranar ƙuri'a ko ɗaya daga cikinsu ba a ba shi tsingaro.